Wanzamin da ciwon hanta ya sauya wa zabira

Kawu wanzami ne ɗan wanzami a Garwa, a arewacin Kamaru. Tun yana saurayi ya gaji zabira a hannun mahaifinsa, kuma a unguwarsu da wuya ka sami gidan da askarsa ba ta shiga ba, ko don askin suna, ko kaciyar yara in sanyi ya shigo, ko ƙaho ga mai ciwon baya. Ran Lahadi yana kasuwar Pitowa ƙarƙashin rumfa, daga hantsi har la'asar. Shi ya yarda a ba da labarinsa, da sharaɗin kada a kama sunansa, don ya ce wahalar da ya sha a watannin farko ta rashin sani ce, bai ga dalilin da zai sa wani ya sake shan irinta ba.

Yana da shekara 56 'yarsa ta zubar da jini wajen haihuwa, aka ce dangi su kawo masu ba da jini. Ya miƙa hannu aka ɗebi kaɗan don gwaji. Can sai ma'aikacin ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba za mu ɗauki naka ba. Gwajin ciwon hanta nau'in C ya nuna alama, sai ka ga likita." Kawu ya ce shi lafiyarsa ƙalau, idonsa bai taɓa yin shawara ba. Gaskiya ya faɗa, kuma halin cutar ke nan. Tana iya shekara 20 ko 30 a jikin mutum tana cin hanta a ɓoye, ba abin da zai ji sai 'yar kasala da zai ɗora wa zafin Garwa ko yawan shekaru.

Kafin ya ga likita, gida ya riga ya yanke hukunci. Aka ware masa kwano da moɗa da buta. Amarya ta hana yara hawa cinyarsa. Uwargida, wadda ta fi kowa tausayinsa, ita ta fi kowa takura masa: ta cire masa nama da ƙwai da mai da nono, ta bar shi da kunu da rake da ruwan sukari, don haka ta ga ana yi wa mai shawara tun tana yarinya. Abokan majalisa kowa ya kawo nasa taimako, wannan jiƙon sassaƙe, wancan gorar tsimi daga ƙauye, wani kuma garin da aka ce yana wanke hanta cikin mako guda. Kawu ya yi ta sha. Cikin wata biyu ya rame har hularsa ta yi masa yawa, zawo ya kama shi, masu aski suka fara sulalewa don labari ya bazu cewa yana da "babbar cuta". Duk wannan ɗawainiya ba ta taɓa ƙwayar cutar ba ko kaɗan, kuma aska da ƙahon da suke ainihin hanyar yaɗuwarta suna nan a zabira yadda suke.

Ranar da ya zauna gaban likitan hanta, abin da aka fara gaya masa shi ne gwajin da aka yi masa bai tabbatar da ciwon ba tukuna. Gwajin gaggawa yana neman alamar da garkuwar jiki ke bari in ta taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. A cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 3 jikinsu kan kore ta da kansa cikin wata 6, amma alamar ta zauna a jininsu har ƙarshen rayuwa. Sai gwaji na biyu, na PCR, wanda ke neman ita ƙwayar da kanta ya kuma auna yawanta, shi ke raba gardama. Mutumin Garwa ya fi samun sauƙi a nan, tunda manyan ɗakunan gwaji irin reshen Centre Pasteur suna cikin gari. Na Poli ko Rai-Buba sai ya haɗa da kuɗin mota, kuma a wannan gaɓar ce mutane da yawa ke tsayawa, su zauna da takardar farko a aljihu, ba su san ko suna da ciwon ba ko babu. Na Kawu ya fito da ƙwayar a jininsa.

Daga nan aka auna ɓarnar da ta yi. Aka gwada sinadaran hanta da ƙwayoyin da ke daskarar da jini da aikin ƙoda, aka duba ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau, aka yi hoton ciki. Hantarsa ta riga ta yi tabo sosai ta fara ƙandarewa kamar fatar da ta sha rana, amma tana aikinta, ciki bai tara ruwa ba. Likitan ya kuma tambaye shi ko ya yi wanka a kogin Binuwai yana yaro. Wane yaron Garwa ne bai yi ba? Dalilin tambayar shi ne akwai irin tsargiyar da ke zama a hanji, ƙwanta na maƙalewa a hanta su ƙara mata tabo, kuma masunta da manoman bakin kogi da na wajen madatsar Lagdo sun fi kowa haɗuwa da ita. In aka same ta a gwajin bayan gida ana ba da praziquantel bisa nauyin mutum, miligiram 40 a kan kowane kilo.

Uwargida ta raka shi zama na biyu, kuma ita ta yi tambayar da ta warware gidan. Ta ce, "Likita, kwanon Malam fa, har yaushe za mu ware?" Ya ce, "Mama, yau ɗin nan ki mayar masa da shi cikin na kowa." Nau'in C ta jini yake bi. Ba ya bi ta tuwo ko ruwan sha ko gumi ko musabaha ko tari ko cizon sauro. Abin da za a ware shi ne duk abin da ke iya taɓa jini: reza, aska, abin yankan farce, buroshin haƙori, asuwaki. Reza ɗaya da ake ajiyewa a kan taga, wannan ya yanke farce wancan ya fere fensir wata ta cire ƙaya, ta fi kwano dubu haɗari, domin ƙwayar tana iya yin makonni da ranta a busasshen jinin da ido ba ya gani. Tsakanin miji da mata ba kasafai take wucewa ta kwanciya ba, sai dai a kiyaye lokacin al'ada ko in akwai rauni. Mai ciki da ke ɗauke da ita, kusan jarirai 5 ko 6 cikin 100 ne kan kamu, kuma ba a hana ta shayarwa sai in kan nonon ya tsage yana jini. Aka gwada mutanen gidan. Uwargida tana da alamar amma PCR bai ga komai ba, wato jikinta ya kore ta tun tuni. Sauran ba su da ita. Waɗanda ba su da kariya daga nau'in B, har da Kawu, aka yi musu allurar rigakafinsa sau uku: ta farko, bayan wata 1, sai bayan wata 6. Nau'in C kuwa ba shi da allurar rigakafi har yau.

Abinci ne ya fi ba Kawu mamaki, don an ce ya koma cin abin da aka hana shi. Mai tabon hanta yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da mai lafiya, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Shi da ya koma kilo 60, lissafinsa ya kama giram 72 zuwa 90. Ƙwai ɗaya yana ba da wajen giram 6, kofin nono giram 8, kofin dafaffen wake wajen 15, yankan kifi ko nama mai giram 100 kuma sama da 20. Sai uwargida ta tsara: da safe ƙosai ko ƙwai biyu da kunun gyada, da rana shinkafa da wake ko tuwon dawa da miyar kifi, da dare tuwo da ganye, sannan kafin ya kwanta a dama masa fura da nono ba sukari mai yawa. Wannan na kafin barci ba kwaɗayi ba ne. Hantar da ta yi tabo ba ta iya ajiye abin da zai riƙe jiki har gari ya waye, in aka kwana da yunwa sai jiki ya koma cin tsokarsa, shi ya sa za ka ga irin waɗannan marasa lafiya da siraran hannuwa.

Abin da aka rage shi ne gishiri. Kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe, kuma lissafin ya haɗa da ɗunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa, da yajin kilishi da na tsire. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suka maye gurbi a tukunya. Lemon kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu suka fita, saboda kitse a hanta da ciwon sukari suna hanzarta tabon. Gyada da masara kuma sai an tsince. Duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta motse ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita, domin funfunar na haifar da gubar aflatoksin mai jawo sankarar hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Buhunan gidan aka ɗora su a kan katako nesa da bango. Kawu ba ya shan giya, amma likitan ya ce wa duk mai wannan ciwo, bilbil da arki da ta kwalba duka ɗaya ne, babu ɗan kaɗan da aka yarda da shi.

Sai maganar ƙwayoyin da ake saye a tebur. Wanzami yana wuni a durƙushe, kuma Kawu ya shekara da shekaru yana sayen diclofenac da ibuprofen wajen masu talla don ciwon ƙugu. Ga mai tabon hanta waɗannan suna iya lalata ƙoda ko su jawo zubar jini a ciki. Aka bar masa paracetamol kaɗai, kada ya wuce giram 2 a rana, wato ƙwaya 4 masu miligiram 500, kuma ya riƙa duba maganin mura don yawancinsu akwai paracetamol a ciki. Tramol da ƙwayoyin sa barci an hana shi gaba ɗaya, haka maganin ƙarin jini mai ƙarfe in ba gwaji ne ya nuna ƙarancinsa ba. Jiƙe-jiƙen ma aka ce ya ajiye, tunda duk abin da ya shiga ciki hanta ce za ta tace shi, kuma ba wanda zai iya faɗin adadin abin da ke cikin gorar. Wannan ya yi masa nauyi ƙwarai, don shi kansa mai ba da sassaƙe ne, amma ya ajiye.

Maganin da aka rubuta masa ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin sofosbuvir miligiram 400 da velpatasvir miligiram 100, na mako 12, ƙwaya 84 ke nan. Wasu ana ba su sofosbuvir da daclatasvir. Irin waɗannan magunguna suna warkar da sama da mutum 95 cikin 100, abin da ba a yi mafarkinsa ba a zamanin allurar interferon mai zazzaɓi da rawar jiki. Da su ne Masar, wadda ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen yawan masu ciwon, ta yi wa waɗanda aka samu da shi magani bayan ta gwada miliyoyin mutanenta daga 2018. Amma akwai inda ake tuntuɓe. Na farko shi ne farawa ba tare da an tanadi kuɗin kwalabe ukun ba. Mutum ya sha wata ɗaya, ya tsaya neman kuɗin na biyu, ƙwayar cutar ta farfaɗo. Kawu bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba sai da 'ya'yansa suka haɗa kuɗin duka, aka saya ta hanyar asibiti, ba a hannun mai cewa yana da mai araha daga ƙetaren iyaka ba. Na biyu shi ne haɗa shi da wasu magunguna. Rifampicin na tarin fuka, da carbamazepine da phenobarbital na farfaɗiya, suna rage ƙarfinsa a jini har ya kasa aiki. Amiodarone na zuciya in ya haɗu da sofosbuvir yana iya rage bugun zuciya matuƙa. Maganin gyambon ciki kuma yana hana velpatasvir narkewa, don yana buƙatar tsamin ciki. Irin na taunawa ko na ruwa sai a ba da tazarar awa 4, omeprazole kuwa sai da sanin likita. Kawu ya saba jiƙa kanwa ya sha in ƙirjinsa na ƙuna, ita ma aka ce ya bari.

Ya ɗaura shan maganin da sallar isha'i don kada ya manta. An gaya masa in ya manta ya tuna kafin awa 18 su wuce, ya sha nan take, in sun wuce ya jira na gaba, kada ya haɗa biyu. In ya yi amai cikin awa 3 da sha, ya sake shan wata. Maganin ba ya son zafin da ya haura digiri 30, ga Garwa kuwa a watan Maris da Afirilu tana haura 40, sai aka sa kwalbar cikin rufaffen gwangwani aka ajiye kusa da randa a ɗakin da ya fi sanyi. Abin da ya ji bai wuce ɗan ciwon kai da gajiya a makonnin farko ba. Da azumi ya ƙarato ya tambaya, likitan ya ba shi izini tunda hantarsa na aiki, da sharaɗin ya ci sahur mai nauyi a makare, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur. Ya ce wanda cikinsa ya tara ruwa, ko ya taɓa aman jini, ko hankalinsa kan rikice, shi bai kamata ya ɗauka ba.

Zabirar ce ta fi komai sauyawa, kuma nan ne labarin ya fi taɓa zuciya. Tun ranar da Kawu ya gane yadda cutar ke yawo ya kasa barci, yana lissafin kawunan da askarsa ta bi. Hanyoyin da ta iya shiga jikinsa ma da yawa: tsagar da aka yi masa yana jariri, alluran masu yawo da sirinji ɗaya gida-gida, ga yankan da yake samu a yatsu kullum yana aiki cikin jinin mutane. Bincike a Kamaru ya nuna cutar ta fi yawa ga dattawa, musamman a kudancin ƙasar, inda ake danganta ta da alluran gangamin lafiya na zamanin Turawa. Kawu ya ce abin da ya wuce ya bar wa Allah, na gaba kuwa yana hannunsa.

Askar gado ya naɗe ta a tsumma ya ajiye. Yanzu mariƙi yake amfani da shi mai ɗaukar rabin reza. A gaban mai aski yake ɓare sabuwa, yana gamawa ya jefa ta cikin jarka mai murfi, in ta kusa cika ya kai cibiyar lafiya a ƙona. Goga aska a tafin hannu, ko shafa mata turare, ko ratsa ta a wutar ashana, duk ya daina, kuma yana gaya wa 'yan uwansa wanzamai cewa ba sa tsabtace komai. Ƙahon sa ma ya bar shi, domin yana da ƙananan ramuka da tsattsagewa inda jini ke maƙalewa, ba ya wankuwa. Ya koma kofunan gilashi. Kayan da ake maimaitawa, wato almakashi da mariƙi da kofuna, ga yadda yake yi musu: ya sa safar hannu, ya wanke da sabulu da buroshi har jini ya fita tas, don jini na kashe ƙarfin ruwan Javel, wato bilicin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Sai ya jiƙa su minti 10 a ruwan Javel da aka surka, ya ɗauraye, ya tafasa minti 20, lissafi daga lokacin da ruwan ya fara tafasa, ya shanya a tsabtataccen faranti. Surkin ya danganta da ƙarfin da ke jikin kwalbar: mai kashi 5 cikin 100, awo 1 da ruwa awo 9, mai kashi 2.6 kuma awo 1 da ruwa awo 4. Kullum da safe yake haɗa sabo, don zafi da hasken rana suna kashe shi, kuma ba ya wuce minti goman don kada ƙarfe ya yi tsatsa. In ya yanke a yatsa sai ya wanke ya ɗaure da filasta kafin ya taɓa kowa. Kaciya kuwa kowane yaro da rezarsa da safar hannunsa, ko da yara goma ne a layi. Cire belu ya bar shi baki ɗaya, duk wanda aka kawo sai ya tura asibiti.

Ya yi asarar wasu. Akwai dattawan da suka ce reza ba ta kai aska santsi ba, akwai waɗanda suka ƙi ɗan ƙarin kuɗin da ya yi. Amma iyaye mata masu kawo jarirai askin suna su suka dawo da kasuwarsa, don sun ga ana ɓare sabuwa a gabansu. Tsofaffin abokan cinikinsa, musamman waɗanda ya sha yi wa ƙaho, ya bi su ɗaya-ɗaya ya ce, "Alhaji, don Allah ka je a duba jininka, ni an samu a nawa." Ba ƙaramin namijin ƙoƙari ba ne mai sana'a ya faɗi haka da bakinsa.

Mako 12 bayan ƙwaya ta ƙarshe aka sake PCR, ba a ga ƙwayar cutar ba. Wannan gwajin ne ke tabbatar da warkewa, don haka bai kamata a tsallake shi don jiki ya yi daɗi ba. Gwajin gaggawa kuwa zai ci gaba da nuna alama a jininsa har abada, shi ya sa yake ajiye takardar PCR ɗin cikin leda tare da katin ɗan ƙasa, kuma ba zai sake ba da jini ba. Warkewar ba kariya ba ce, in jinin mai ita ya sake shiga jikinsa zai iya kamuwa sabo. Tabon hanta ma yana nan, ko da yake kan ragu a hankali, kuma haɗarin sankara bai gushe ba, saboda haka duk wata 6 yana zuwa hoton ciki, dokar gishiri da ta ƙwayoyin ciwon jiki kuma ba su tashi ba. Uwargida ta haddace alamomin da ba a kwana da su a gida: aman jini, baƙin bayan gida mai wari, kumburin ciki ko ƙafa, ido ya yi rawaya, ko ya fara barci da rana yana ruɗewa da dare. Ƙananan 'ya'yansa biyu da ke koyon sana'ar an gwada su an yi musu rigakafin nau'in B kafin ya bari su taɓa kan kowa, kuma wankin kaya da haɗa ruwan Javel ya fara koya musu kafin riƙon reza.